Lissafin Kasuwa da Lissafin Jami'a

Duk shekara idan aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a, akwai maganar da ke yawo a nan Sabon Ibadan, daga ƙofar masallaci har rumfunan 'yan canji: "Ai wane bai samu likitanci ba, lissafi suka ba shi." Yadda ake faɗinta sai ka rantse jajen gobara ake yi. Mu da muka bi ta wannan hanya ba mu da yawa a unguwar nan. Wasunmu lissafi zalla suka karanta, wasu ƙididdiga, wasu kuma aka haɗa musu biyun a digiri ɗaya. Kusan kowannenmu an yi masa wannan jaje, an kuma bi shi da tambayar da ba ta sauyawa: "To in ka gama, me za ka ci da shi, in ba alli ba?" Muna so mu yi wa iyayenmu da ƙannenmu bayanin abin da ke cikin shekara huɗun nan, tun da mu muka shiga muka gani.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a Sabo ake wannan magana. Unguwar da tun da aka keɓe ta a 1916 ba ta da gona ba ta da ma'adini, lamba take ci. Goro da ƙwarya ake ƙirga shi, ɗari-ɗari, a ɗaure huhu a tura Arewa. Shanu su sauko daga Arewa a sayar wa mahauta Yarbawa bashi, maigida ya tsaya a tsakani, shi ya san wa ya biya, wa ya saura, wa za a ƙara wa kwana. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi guda a kanmu a 1969, kuma babban abin da ya ɗauke masa hankali ke nan: yadda dukiya mai yawa ke yawo bisa amana da lissafin da ke cikin kan mutane. Yau ma je ka tsaya kusa da ɗan canji, ka ce masa dala ɗari uku da saba'in, kafin ka laluɓo wayarka ya faɗa maka kuɗinta har da na shayinsa.

Mu kuma da aka haifa a nan, da harshe uku muka tashi muna ƙirga. A gida Hausa, inda tsofaffinmu ke cewa "ashirin biyu babu" maimakon sha takwas. A makaranta Turanci. A Dugbe da Bodija kuma Yarbanci, wanda ƙirgarsa kan ashirin-ashirin take tafiya, da ragi a ciki: arba'in da biyar a wurinsu "hamsin babu biyar" ce, ita hamsin ɗin ma "ashirin uku babu goma". Yaron da yake juya wannan a kansa tun yana ɗan shekara takwas, a ce wai kansa ba na lissafi ba ne? Haba.

Sai dai fa kada a ɗauka cewa saurin ƙirga shi ne karatun. Nan ne da yawa suke shan mamaki. Shekarar farko takan zo da sauƙi-sauƙi, don ana haɗa ku aji ɗaya da 'yan fiziks da kimistiri da masu kwamfuta, ana maimaita abin sakandare a faɗaɗe, a ƙara kalkulas. Shekara ta biyu ce mai raba gardama. Malami zai shigo ya cika allo tun daga sama har ƙasa, ka duba ka rasa lamba ko ɗaya, sai haruffan Girkanci da kalmomi irin su "a ɗauka cewa", "saboda haka", "ke nan ya tabbata". A nan ne ɗalibi ke gane cewa ba amsa ake nema a wurinsa ba, hujja ake nema.

Bari mu ba da misalin da kowa zai iya gwadawa da biro a bayan kwali. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Euler ya lura da wata dabara: ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, sannan ka ƙara 41. Fara da sifiri, ka samu 41. Da 1, ka samu 43. Da 2, 47. Da 3, 53. Duk marasa rabuwa. Ci gaba har 39, za ka samu 1601, ita ma ba ta rabuwa. Sau arba'in ke nan a jere dabarar ba ta ba ka kunya ba. To sa 40. Za ka samu 1681, wato 41 sau 41. Ta rushe.

A kasuwar shanu, mahaucin da ya biya bashi sau arba'in a jere ya gama samun shaida, na arba'in da ɗaya ko tambaya ba za a yi ba, kuma daidai ne, don da haka kasuwa ke tafiya. A ajin lissafi kuwa sau arba'in ba komai ba ne, sau miliyan ma ba komai ba ne. Sai ka kawo dalilin da ya rufe kowace ƙofa, har wadda ba a taɓa buɗewa ba. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce Yukilid ya nuna cewa waɗannan lambobi marasa rabuwa ba su da ƙarshe, a cikin 'yan layuka kaɗan, kuma har yau ba a samu wanda ya ƙara ko ya rage a gaskiyar maganar ba. Ranar da ɗalibi ya fara gina irin wannan hujja da kansa, bayan ya kwana uku yana yaga takarda, daɗin da yake ji ba ya misaltuwa. Wahalar ma gaskiya ce. Kwas ɗin da ake kira analisis, inda ake komawa a binciki tushen kalkulas, da aljabarar da ba lamba a cikinta, sun sa ɗalibai da dama maimaita shekara, har da waɗanda suka shigo da A1. Wanda ya saba haddace hanya ya zuba a jarrabawa, nan guzurinsa ke ƙarewa.

Ita ƙididdiga ta fi kusa da rayuwar Sabo, don ita ce ilimin yanke hukunci alhali ba ka ga komai duka ba. Mai sayen wake ba ya zazzage buhu. Ƙarfe yake sokawa a sama, a tsakiya, a gindi, ya duba abin da ya fito. Me ya sa ba ya tsayawa a sama kaɗai? Don ya san inda mai kaya ke ajiye mai kyau. Wannan da ɗan kasuwa ya sani da gogewa, shi muke zama mu auna: tafi nawa za a ɗiba, daga ina, kuma kuskuren da zai iya biyo baya ya kai nawa. Idan aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a ta gaskiya aka tambaye su abu, amsar takan faɗo kusa da ta dukan jama'a da tazarar kamar kashi 3 cikin ɗari, ko jama'ar nan dubu ɗari biyar ce ko miliyan ɗari biyu. Mutane kan yi gardama idan suka ji haka, amma lissafin a tsaye yake. In kuma kana so ka rage kuskuren zuwa rabi, ninki biyu bai isa ba, sai ka ninka mutanen sau huɗu. Sharaɗin dai shi ne ƙuri'ar. Wanda ya tsaya a ƙofar masallaci bayan La'asar ya tambayi mutum dubu goma, bai ji ta bakin Sabo ba, ta bakin maza masu zuwa jam'i ya ji. Iyayenmu mata da ke cikin gida suna sana'ar da ke riƙe da rabin unguwa ba su shiga lissafinsa ba.

Ga wani kuma da ake yaudarar mutane da shi kullum. A ce 'yan kasuwa goma ne a layi ɗaya, tara kowanne na samun naira 50,000 a wata, na goma na samun miliyan 5. In aka tara aka raba goma, sai a ce matsakaicin samu a layin nan 545,000 ne. Ba a yi ƙarya ba, amma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da wannan lamba ta kwatanta. Da an jera su an ɗauki na tsakiya, da 50,000 aka samu. Duk wanda ya yi zango ɗaya a ajin ƙididdiga, idan ya ji an ce "matsakaici" a rediyo, sai ya tambaya: wanne daga ciki? Daga nan ake wucewa zuwa ilimin yiwuwa, da yadda ake tsara gwaji a gona ko a asibiti, da yadda ake bin farashi wata bayan wata a raba hauhawar gaske da ta lokacin azumi ko damina. Yanzu kuma rabin aikin a kwamfuta ake yi, da manhajoji irin su R da Python da SPSS.

Akwai dattawan da suka ja mu gefe suka ce sun ji wai ilimin yiwuwa daga caca ya samo asali. Gaskiya ne, a 1654 wasu Faransawa biyu, Pascal da Fermat, sun yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin cacar da aka katse ba a gama ba, kuma daga nan aka saba ƙirga farkon fannin. Amma da wannan lissafin ne ake gane ko sabon magani na aiki ko sa'a ce kawai, kuma shi ne ke nuna ƙarara cewa mai shagon caca ne kaɗai ke da tabbacin riba. Da yaranmu da ke cika shagunan nan na wasan ƙwallo sun zauna ajin nan mako biyu, da wasu sun riƙe kuɗinsu.

Masu ganin kamar wannan ilimi na wasu ne, mu baƙi ne a cikinsa, su tuna da zauren malam. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji na da rabi, 'yan'uwan na da biyu bisa uku. Mai da su kan shida: uku da huɗu, bakwai ke nan, alhali dukiyar shida ce. Ya za a yi? Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware ta da abin da malamai ke kira auli: a raba dukiyar bakwai, miji ya ɗauki uku, su su ɗauki huɗu, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Duk almajirin da ya karanci babin gado ya yi lissafin ɓangare mai zurfi, ko da bai taɓa kiransa da wannan suna ba. Littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban kaso nasa matsalolin gado da wasiyya ne. A ƙasarmu ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda a 1732 ya rubuta littafi kan hanyoyin cika hatimi da lambobi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau. Kuma a nan garin, a jami'ar da aka buɗe a 1948, wadda daga Mokola mota ɗaya ce za ta kai ka ƙofarta, Iya Abubakar ɗan Adamawa ya karanta lissafi ya fita da daraja ta ɗaya, ya wuce Kambirij ya yi digirin dakta, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

To, maganar abinci. Ba za mu ɓoye ba, babu ofishin da ke jiran mai digirin lissafi da kujera a share. Likita da lauya sunan aikinsu na rubuce a jikin takardarsu, namu babu. Wasunmu koyarwa suke yi, albashin kuma kowa ya san shi. Wanda ya fito da takarda kaɗai, bai iya sarrafa bayanai a kwamfuta ba, bai iya rubuta rahoton shafi biyu da mutum zai karanta ya gane ba, zai sha zaman benci. Amma wanda ya haɗa waɗannan, ƙofofin sun fi yadda ake zato. Akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da Hukumar Ƙidayar Jama'a, da Babban Banki, da kamfanonin waya da na fansho. Masu gudun riba su sani cewa tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 harkar kuɗi ta Musulunci ke faɗaɗa, ita da takaful, kuma su ma sai da mai auna haɗari. A Ibadan kaɗai akwai asibitin koyarwa na UCH, da cibiyar binciken noma ta IITA, da NISER, da cibiyar binciken koko ta Idi-Ayunre, wadda goro na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata bincikensu. Ka ji fa, goron da kakanninmu suka gina unguwar nan da shi, akwai masu auna irinsa da yawan 'ya'yansa a bayan gari, ko'ina kuma aka yi gwaji sai an nemi mai ƙididdiga. Ga mai son ci gaba da karatu, cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar ɗaliban Afirka digiri na biyu kyauta, da ci da kwana.

Ga ƙannenmu masu niyya: a SS1 ake yanke wannan shawara, ba ranar cike fom ba. A riƙe fiziks, a nemi ƙarin lissafin nan da ake kira Further Maths ko da makarantarku ba ta da malaminsa, don shi ne ke sassauta shekarar farko. Makin shiga ya fi na likitanci sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a jami'o'in tarayya akwai kason da aka ware wa jihohin da aka ce suna baya a ilimi, mafi yawan jihohin da ke rubuce a takardun asalinmu na ciki. Iyaye kuma, in da hali, kwamfutar hannu ko ta hannu ce ta fi sabuwar waya amfani ga ɗalibin nan. Kuma don Allah a bar 'yan mata su shiga. A azuzuwan da muka zauna, sau da yawa mata ne ke kan gaba, sai dai da wuya ka ji mai sunan gidanmu a cikinsu. Aiki ne da mace za ta iya yi daga ɗakinta in tana da intanet.

Akwai dalilin da ya fi albashi, shi ne ma ya sa muka ɗauki biro. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mun haura miliyan 140. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Ita ta 2006 ɗin ma ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Ke nan idan shugabanninmu suka je gaban hukuma neman ƙarin aji ko ɗakin shan magani ko famfo, aka ce musu "ku nawa ne?", da me za su amsa? Wannan ya ce dubu kaza, wancan ya ninka, na gefe ya ce ai mun fi haka. Jami'in da ke sauraro ya san kintace ne, sai ya yi murmushi ya ce za a duba. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Ama Hausa ta Owerri. Mu da ake ganin baƙi ne ko da kakanmu a nan aka binne shi, mun fi kowa bukatar lambar da ba za a iya turewa ba. Yara nawa ne suka gama firamare bara ba su shiga sakandare ba? Nawa ne mata a ciki? Gida nawa ke sayen ruwa, nawa suke kashewa a mako? Mata nawa suka haihu a gida cikin shekarar nan? Kowa a Sabo na da ra'ayi a kan waɗannan, har a ɗaga murya a majalisa, amma a takarda babu.

Mukan ji ana cewa mutanenmu ba sa son a ƙirga su, wai ƙirga na kawo haraji ko baki. Tsoron harajin yana da tarihi, ba mu raina shi ba. Sai dai baƙon da ya zo da fom da Turanci daban, ɗan unguwa da aka san gidansu daban. Kuma aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Ba sai an shiga kowane gida ba. A zana layukan unguwa, a ba kowane gida lamba, a fitar da kamar 300 ta ƙuri'a a gaban wakilan Sarkin Hausawa da limamai don kada a ce an yi son kai. Gidan da ƙuri'a ta faɗa a kansa shi za a shiga, ko na mai kuɗi ne ko na mai gadi, in ba a samu kowa ba a koma gobe, ba a musanya shi da na maƙwabci. Ba a rubuta sunan kowa. Tambayoyin kada su wuce shafi ɗaya, da Hausa, kuma cikin gida 'yan mata ne za su shiga su zauna da iyayenmu mata, don namiji a zaure zai tsaya a ba shi amsar maigida. Ɗaliban ƙididdiga biyu da ke neman abin da za su yi aikin bincikensu na shekarar ƙarshe a kai, da 'yan sakandare goma sha biyu, da hutun dogon zango ɗaya, sun isa. Kuɗin buga takarda da na ruwan sha ne kawai zai fito daga asusun unguwa.